DAGA BAKIN TEKU: Koton Kanti Ko Koton Asali?

Zancenmu na wannan mako a kan koto ya ke, watau ɗan abincin nan da masunci ya kan soka a bakin ƙugiya domin ya yaudari kifi. Abin da ya jawo zancen kuwa wata wasiƙa ce da ta zo mini daga wani mai karatu mazaunin Fatakwal, wanda ya ce shekara da shekaru yana sayar wa masuntan bakin teku da ƙugiyoyi da zaren fatsa da dalma. Ya ce kwanan baya wani dillali ya kawo masa samfurin wani irin koto na kanti, an ƙera shi da siffar jatan lande da ta tana, an tsoma shi cikin wani ruwa mai ƙarni, an rufe a leda. Dillalin ya rantse masa cewa wannan abu ya fi jatan lande na gaske kama kifi, ba ya ruɓewa, ba ya bukatar ƙanƙara, kuma nan gaba kaɗan babu masuncin da zai sake wahalar neman koto. Mai wasiƙar yana so ya san ko ya zuba jarinsa a ciki. Ya kuma ƙara da wata magana wadda ta sa na ga lalle in amsa masa a fili. Ya ce abokan cinikinsa talakawa ne masu karɓar kaya bashi su biya bayan sun dawo daga ruwa, idan ya tallata musu abin da bai kama kifi ba, bayan asarar kuɗi har amanar da ke tsakaninsu sai ta lalace.

To, Malam, na gode da wannan tambaya. Amma kafin a ce wannan ya fi wancan, ya kamata mu fara sanin yadda kifi ya ke gane abincinsa, gama wanda bai san wannan ba, duk abin da dillali ya faɗa masa sai ya yarda.

HANCIN KIFI

Kifi yana da hanci, amma ba da shi ya ke numfashi ba. Ƙofofin nan da ke gaban idanunsa aikinsu shi ne su bar ruwa ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, ya ratsa wani ɗan nama mai ninki-ninki wanda ke tantance abin da ya narke a cikin ruwan. A nan bambancinmu da kifi ya ke. Mu abin da iska ta ɗauko mu ke shaƙa, shi kuwa sai abin da ya narke a ruwa. Saboda haka man da ke yawo a saman ruwa, kome ƙarfin warinsa a hancin ɗan Adam, bai cika isar wa kifin da ke ƙasa da wani labari ba. Masana sun daɗe da gano cewa abin da ya fi tayar wa kifi da sha'awar ci shi ne waɗansu sinadarai da ke tsattsafowa daga naman halittun ruwa, musamman waɗanda a ke kira amino asid, watau tubalan da furotin ya ginu da su, irin su gilaisin da alanin, da kuma wani mai suna betayin wanda a ke samu a jikin jatan lande da ƙaguwa. Ƙarfin hancin kifi kuwa ba abin wasa ba ne. Tun a shekarun 1950 wani shaihin malami na Jami'ar Wisconsin a Amurka, Arthur Hasler, ya nuna cewa kifin salmon, bayan ya yi shekaru a teku, da sansana ya ke gane rafin da aka ƙyanƙyashe shi, ya koma can ya zuba ƙwai.

Sai dai ba kowane kifi ne ke bin hanci ba. Tarwaɗa da danginta, na kogi da na teku, suna da gashin baki mai jin ɗanɗano, har fatar jikinsu ma tana ɗanɗana ruwa, shi ya sa su ke kiwo cikin duhu da ruwan laka ba tare da wata wahala ba. Kuroka da sauran masu kiwo a ƙasan ruwa su ma hanci da ɗanɗano suna yi musu aiki ƙwarai. Amma barakuda, mai haƙora kamar na tsage, da ido ya ke farauta, abin da ya gilma yana walƙiya shi ya ke kai wa sura. Har ila yau galibin kifaye suna da wani layi a gefen jikinsu, daga kai zuwa wutsiya, wanda ke jin motsin ruwa. Ashe ke nan ƙamshi ne ke kiran kifi daga nesa, motsi da gani su kawo shi kusa, sa'an nan ɗanɗano ya yanke hukunci, ko ya haɗiye ko ya tofar.

ASALIN KOTON KANTI

Koton ƙira ba sabon abu ba ne. A 1936 wani matalaucin masunci na ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itacen nan mara nauyi da a ke yin murfin kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya narka filim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Har yau sunansa na kan kayan su a kasuwannin duniya. A 1949 kuma Nick Creme na birnin Akron a jihar Ohio ya fito da tanar roba mai laushi. Waɗannan duka ido su ke yaudara, kuma cikas ɗinsu shi ne kifi ya kan cafka, ya ji babu ɗanɗano, ya tofar tun masunci bai fizga ba.

Wannan cikas ne masu ƙira suka tashi magancewa. Kamfanin Berkley, wanda wani ɗan makarantar sakandare mai suna Berkley Bedell ya kafa a 1937 a garin Spirit Lake na jihar Iowa da jarin dala 50 da ya tara wajen rarraba jaridu, ya fito da PowerBait a ƙarshen shekarun 1980, kana a farkon shekarun 2000 ya fito da Gulp!, wanda ya shahara wajen masu su a ruwan gishiri. Tanar roba ta da, da roba da mai a ke haɗa ta, shi kuwa mai ba ya jituwa da ruwa, saboda haka ƙamshin da aka zuba mata ya kan maƙale a ciki. Gulp! kuwa an yi shi da wani abu mai shan ruwa kamar soso, ya kan tsotsi ruwan ƙarnin da aka jiƙa shi a ciki, in ya shiga teku ya riƙa sakinsa. A jihar Florida kuma, Dakta William Carr na Jami'ar Florida ya yi shekaru masu yawa a ɗakin binciken Whitney, kusa da birnin St. Augustine, yana nazarin sinadaran da ke sa halittun teku su ci abinci, daga baya iliminsa ya zama wani koto mai suna Fishbites, wanda a ke sayarwa sala-sala, a yanka kaɗan a soka a ƙugiya, ya riƙa narkewa sannu a hankali.

Mu ma a nan gida dabarar ba baƙuwa ba ce. Masuntan kogunanmu sun daɗe suna cura dusa su saka a cikin gura, waɗansu ma har gutsuren sabulu su kan soka a ƙugiya su kama dangin tarwaɗa. Duk wannan koto ne da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa. Bambancin kawai shi ne na Turawa ya bi ta ɗakin bincike, ya shiga leda mai zane, ya zo da farashin dala.

KOWANE DA RANARSA

Yanzu sai mu auna su. Koton asali, watau jatan lande da ƙananan kifaye irin su bonga, da ƙaguwa, da tanar bakin ruwa, yana da fifikon da babu masana'antar da ta kai shi. Sinadaran da ke jikinsa cikakku ne, a haɗe bisa gwargwadon da Allah ya halitta, alhali kuwa masana sun ga cewa kowane jinsin kifi yana da haɗin da ya fi so, kuma haɗin sinadarai da yawa ya fi guda ɗaya jan kifi. Laushinsa a baki irin wanda kifi ya saba da shi ne, shi ya sa ya ke haɗiyewa ba tare da shakka ba. In kuwa mai rai ne, to, ya haɗa ƙamshi da motsi da ɗanɗano gaba ɗaya. Bugu da ƙari, masuncin da ke da birgi zai iya jefawa da asuba ya samu koton yini ba tare da ya kashe kwabo ba.

Amma fa aibinsa ma ba kaɗan ba ne. Cikin zafin bakin tekunmu, jatan landen da aka kama da safe kafin azahar ya fara saki, in babu ƙanƙara, ƙanƙara kuwa kuɗi ce. In aka wurga ƙugiya da ƙarfi cikin igiyar ruwa ya kan suɓuce. Ƙananan kifaye da ƙaguwa su kan tsattsage shi su bar ƙugiya tsirara, masunci yana zaune yana jiran abin da babu. Akwai kuma wani aibin da ido ba ya gani. A 1990 wani masani na birnin Bergen a ƙasar Norway, Svein Løkkeborg, ya auna yadda ƙamshi ke fita daga koto a cikin ruwa, ya ga cewa da ƙarfi ya ke fita a kimanin sa'a ɗaya da rabi na farko, daga nan sai ya ragu ƙwarai. Watau naman da ya kwana a ƙugiya, ko da kifi bai taɓa shi ba, ya zama saura. Wannan ne ma dalilin da ya sa kifin ƙanƙara da aka narkar aka sake daskararwa ba ya yin koto mai kyau, gama ruwan jikinsa ya riga ya tsiyaye.

Koton kanti mai ƙamshi a waɗannan wurare ya ke da ƙarfi. Yana riƙe ƙugiya, yana jure wurgi, yana iya kama kifi biyu ko uku kafin ya yage, kuma yana zama a jaka wata da watanni matuƙar ledarsa a rufe ta ke. Mai sandar fatsa yana iya jefa shi ya riƙa ja yana saki, ya ratsa wuri mai faɗi yana neman kifi maimakon ya zauna jira. Ga ma'aikacin ofis mai zuwa bakin ruwa ranar Asabar, wanda ba shi da lokacin neman jatan lande da asuba, lalle wannan sauƙi ne babba.

To, amma a nan ne zan ja kunnen mai wasiƙarmu. Na farko, ya lura da maganar talla. Kamfanin da ke yin Gulp! ya kan ce kotonsa ya fi watsa ƙamshi har ninki 400. Mai saye ya kan ɗauka da jatan lande aka gwada, alhali kuwa da tanar roba ta da a ke nufi. Na biyu, in aka bar irin wannan koto a ƙugiya a waje, ya kan bushe ya ƙandare kamar ƙirgi, wani lokaci sai an sa wuƙa a ke cire shi, kuma in ledar ta huje ruwan ya tsiyaye, kuɗi sun tafi. Na uku, kifaye masu haƙora, irin su barakuda da ɗan uwan talibamban na teku, su kan datse masa wutsiya da cizo ɗaya. Na huɗu, duk abin da ya yi suna a duniya ba ya rasa jabu a kasuwanninmu, kuma roba mai wari a hancin mutum ba ita ce mai ƙamshi a hancin kifi ba. Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, an ƙera waɗannan kaya ne domin masu su na nishaɗi a Amurka, masu sanda ɗaya da ƙugiya ɗaya ko biyu. Masuncinmu da ke shimfiɗa doguwar igiya irin mamari, mai ƙugiyoyi ɗari biyu ko uku, in ya ce zai sa wa kowace ƙugiya koton da aka sayo da dala, kifin da zai kama ba lalle ya biya kuɗin koton ba, balle na man inji.

GANI YA KORI JI

Ni ma na taɓa gwadawa. Wani ƙanena da ya dawo daga ƙetare ya kawo mini leda biyu tsaraba, na ɗauka na tafi wurin wani dattijon masunci, Bayarabe, da mu ka saba, mu ka shiga kwale-kwalensa zuwa wajen da tafkin Ikko ya ke haɗuwa da teku. Da na buɗe ledar sai ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya jujjuya, ya yi dariya ya ce to, mu ji ra'ayin masu gida. Shi ya sa jatan landensa, ni na sa nawa. Da farko, sa'ad da ruwa ya ke kwance, mu ka saki ƙugiyoyi ƙasa mu ka jira, Baba ya yi ta ciro kifi, ni kuwa sai kallo. Da ruwa ya fara cikowa da gudu sai ƙananan kifaye suka taso, da ya jefa sai su cinye masa koto kafin ƙugiya ta kai ƙasa, har jatan landensa ya kusa ƙarewa. Ni kuwa nawa yana nan, na riƙa ɗaga sanda ina saki kamar yadda ya nuna mini, a nan ne na kama kifi mafi girma da mu ka samu ran nan. Da mu ka dawo na ba shi sauran leda ɗaya. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce zai ajiye saboda ranar da jatan lande ya yi wuya. Da na gaya masa farashinta kuwa, sai ya riƙe baki ya ce, "Ɗana, wannan kuɗin ai sai in sayi man zuwa ruwa."

Yini ɗaya ba ya zama hujja, amma abin da na gani ya yi daidai da abin da masana suka faɗa. In za a ajiye ƙugiya a ƙasa a jira, koton asali sabo shi ne gaba. In za a riƙa motsa shi, ko ƙananan kifaye sun addabi wuri, ko koton asali ya yi wuya, na kanti yana da rana. Kuma dukansu biyu ba su amfana wa wanda bai san ruwa ba. Tekunmu sau biyu ya ke cika ya janye a kwana guda, kuma cikar ta fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu. Tafkin Ikko da rani gishirinsa ya kan yi yawa, kifayen teku su shigo, da damina kuwa ruwan koguna ya kan rinjaye shi har ya kusa zama ruwan daɗi. Dattijon nan ya san duk wannan a ka, ya san inda kuroka ke kwanciya da lokacin da ya ke kiwo, kuma babu ledar da a ke sayar da wannan a cikinta.

ABIN DA YA WUCE ƘUGIYA

Kada mai karatu ya ɗauka maganar koto ƙarama ce, gama a waɗansu ƙasashe ta kai gaban majalisa. A gaɓar Delaware ta Amurka akwai wata halitta mai kama da ƙaguwa, mai ƙoƙon baya kamar kofaton doki, wadda masunta suka riƙa kwasa suna yin koto da ita domin kama wani kifi mai kama da maciji da kuma dodon koɗin teku. Ashe da ƙwanta wani ɗan tsuntsu ya ke guzuri a kan hanyarsa daga ƙarshen Kudancin Amurka zuwa ƙasashen ƙanƙara na arewa inda ya ke ƙyanƙyasa. Da ƙwai ya ragu sai tsuntsu ya ragu, har jihar New Jersey ta hana kama wannan halitta a 2008, kuma a 2014 gwamnatin Amurka ta sa tsuntsun cikin jerin waɗanda a ke jin tsoron ƙarewarsu. Wannan ya sa masana na Jami'ar Delaware, ƙarƙashin jagorancin Nancy Targett, suka haɗa koton ƙira wanda ɗan kaɗan daga naman halittar ya ke bukata. A jihar Maine kuma, masu kama ƙaton jatan landen nan da a ke kira lobsta sun shiga matsin koto a 2018 da 2019, sa'ad da hukuma ta zaftare yawan ƙananan kifin herin da aka yarda a kama. A Ostireliya, cutar farin tabo ta ɓarke a gonakin jatan lande na kogin Logan a jihar Queensland a ƙarshen 2016, ana kuwa kyautata zaton ɗanyen jatan landen da aka shigo da shi daga waje domin ci, wanda waɗansu masu fatsa suka mayar koto, yana cikin hanyoyin da cutar ta bi ta shiga ruwa.

Koton kanti shi ma bai tsira daga zargi ba. Wani bincike da aka buga a 2009 a jihar Maine ya nuna cewa kifin da ya haɗiye tanar roba ya kan rame, gama robar tana zama a cikinsa. Saboda haka duk wanda ya yi amfani da irin wannan kaya, ya mayar da yagaggen cikin jaka ya dawo da shi tudu, ko da an rubuta a ledar cewa yana narkewa.

Mu a nan Nijeriya, mai gaɓar teku kilomita 853, abin da ya kamata ya dame mu shi ne kifin da a ke yin koto da shi abincin mutane ne. Bongar da aka yanka aka soka a ƙugiya, ita ce dai a ke ƙyafewa a kai kasuwa ta shiga miyar talaka, har can Arewa. Ƙasar da ke sayo kifin ƙanƙara daga waje domin na gida bai isa ba, bai kamata ta raina ko ƙaramin kifi ba. Mutanen Norway, masu su da dogayen igiyoyi masu dubban ƙugiyoyi, sun yi tunanin wannan, suka haɗa wani koto mai suna Norbait daga ragowar kifin da masana'antu ke zubarwa, a niƙa shi a ɗaure da wani sinadari mai danƙo da a ke samu daga ciyawar teku. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da mu. Kowace rana kawunan jatan lande da hanjin kifi suna zubewa a kasuwannin Epe da Makoko da sauran masaukan jiragen su, suna wari suna tara ƙudaje, alhali sinadaran nan da Turawa ke sayar mana da tsada suna cikinsu. Muna da sitacin rogo, muna da ƙaro. Muna kuma da Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya a Victoria Island, wadda aka kafa tun 1975. Ina kira ga masananta da na jami'o'inmu na jihohin gaɓar teku su gwada ko za a iya haɗa koto mai araha daga wannan shara, wanda zai riƙe ƙugiya, ya jure zafinmu, ya kuma dace da kifayenmu. Ranar da aka yi wannan, masunci ya huta da sayen ƙanƙara, bonga kuma ta koma tukunya.

AMSA GA MAI WASIƘA

To, Malam, ga shawarata. Kada ka zuba jarinka a kan rantsuwar dillali, kada kuma ka kore shi. Sayi kaɗan, gwargwadon abin da in ya lalace ba zai girgiza ka ba, ka tabbata na ainihi ne, ka zaɓi masunta biyu ko uku da ka amince da gaskiyarsu ka ba su kyauta su gwada. Gwajin kuwa a yi shi bisa adalci. A igiya ɗaya, ƙugiyoyi masu girma ɗaya, a sa wa ta farko koton asali, ta biyu na kanti, ta uku na asali, haka har ƙarshe, domin kada a ce wuri ne ya bambanta. A rubuta abin da kowane ya kama, da irin kifin, da girmansa. A ci gaba har aƙalla mako biyu, don a ratsa lokacin da ruwa ke cika da ƙarfi da lokacin da ya ke sanyi, in da hali ma a maimaita da rani da damina. Sa'an nan a zauna a yi lissafi: nawa aka kashe a kan kowane koto, har da kuɗin ƙanƙara da lokacin da aka ɓata wajen nema, kuma nawa kifin da ya kama ya kawo a kasuwa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

In ka tambaye ni abin da na ke zato, zan ce kasuwar wannan kaya tana wajen masu sandar fatsa na nishaɗi, da masuncin da ke son ya ajiye leda ɗaya a cikin jirgi saboda ranar da koto ya ƙare alhali kifi yana ci. Su za ka tallata wa, ka kuma gaya musu gaskiyar abin da ya ke iyawa da abin da ba ya iyawa. Mai ƙugiyoyi ɗari uku kuwa, wanda 'ya'yansa ke jiran abin da zai dawo da shi, ka bar shi da birginsa da jatan landensa har ranar da lissafi ya nuna akasin haka. Idan kun yi gwajin, ka rubuto mana sakamakon, ko ya goyi bayana ko ya ƙaryata ni, za mu buga shi a wannan fili domin sauran jama'a su amfana.

Allah ya ba masuntanmu sa'a, ya mayar da su gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.